ƘOFAR GIDANKA MA SAI DA LASIN?

Jama'a, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na Turba da Isa da Sabon Birni da sauran garuruwan Gobir, yau muna so mu yi magana a kan wani abu wanda mai ji zai ce ai wannan zancen mutanen birni ne. Abin kuwa shi ne lasin ajiye mota, watau takardar da hukuma ta kan sayar wa mutum domin ya sami iznin tsai da motarsa ko babur ɗinsa a bakin hanya, ko da a ƙofar gidansa ne. Mun san wani zai yi dariya ya ce, mu da mu ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, wa ya ke ta wurin ajiye mota? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun mutanen Ikko ya kama, na Abuja ya kama, na Kano ma ya sha hayaƙi, kuma ba mu taɓa ganin wata hanyar karɓar kuɗi da aka ƙago a birni ta tsaya a birni ba.

Ba mu tuhumar kowa da laifin da bai yi ba. Abin da mu ke so shi ne kowane mai babur da mai amalanke da mai akori-kura ya san asalin wannan takarda, ya san yadda a ke juya ta ta zama haraji, ya kuma san abin da zai tambaya ran da aka zo masa da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ASALIN ABIN

Tun farko ba domin a cuci kowa aka ƙago wannan abu ba. A 1935 aka fara kafa akwatin karɓar kuɗin tsai da mota a bakin titi a birnin Oklahoma na ƙasar Amurka, a 1958 kuma irinsa ya iso Landan. Dalili shi ne motoci sun yi yawa, titi kuwa yana nan yadda ya ke. Sa'an nan wata wahala ta ɓullo. Ma'aikata masu zuwa ofis daga nesa, da suka ga tsakiyar gari sai da kuɗi, sai suka riƙa jibge motocinsu a unguwannin da ke kusa, tun safe har magariba. Mai gida ya fita ya dawo ya tarar baƙi sun cika masa ƙofa. Da kuka ya yi yawa, sai hukuma ta ce to, za a ba kowane ɗan unguwa takarda ya manna a gilashin motarsa, wanda ba shi da ita ba zai wuni a wurin ba. A Amurka har an kai ƙara, aka ce an nuna bambanci tsakanin ɗan unguwa da baƙo, amma a 1977 babbar kotun ƙasar, cikin shari'ar gundumar Arlington, ta ce hukuma tana da ikon kare 'yan unguwa ta wannan hanya.

Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa dukan maganarmu ta ke. Takardar garkuwa ce aka yi wa mai gida, ɗan kuɗin da ya ke biya kuwa na buga takarda ne da ladan mai dubawa. Amma kun san halin ma'aji, duk ƙofar da ya ga kwabo yana shigowa ta cikinta ba ya sake ɗauke ido daga kanta.

YADDA GARKUWA TA ZAMA BULALA

A arewacin Landan akwai wata ƙaramar hukuma, sunanta Barnet. A 2011 majalisarta ta zauna ta ƙara kuɗin lasin ɗan unguwa daga fam 40 zuwa fam 100 a shekara. Takardar da mai gida kan saya domin baƙonsa ya tsai da mota kuma aka ɗaga ta daga fam 1 zuwa fam 4, watau ninki huɗu. Ba titi ne ya ƙara cunkushewa ba, ba kuwa takarda ce ta yi tsada ba. Majalisar ta so ta tara rara ne ta gyara hanyoyin gunduma duka, ta kuma biya wa tsofaffi kuɗin mota. Aikin kirki ne, amma sai aka ɗora nauyinsa a kan 'yan tsirarun da Allah ya sa gidajensu su ke cikin unguwannin lasin.

Wani mazaunin wurin, da taimakon maƙwabtansa, ya kai ƙara. Cikin watan Yuli na 2013, babbar kotu ta yanke hukunci cewa dokar 1984 wadda majalisar ta dogara da ita doka ce ta tsara zirga-zirga a hanya, ba ta ba kowa ikon tara kuɗin shiga da ita ba. Ƙarin ya faɗi, majalisar kuma ta shiga mayar wa mutane abin da ta karɓa fiye da ƙima.

Shin me muka koya? Ko a ƙasar da ta kawo mana akawu da rasit, hukuma ta kan zarce iyaka in ta ga ba mai tanka mata. Abin da ya ceci mutanen Barnet kuwa, sun san abin da doka ta ce, kuma sun haɗa kai.

IKKO DA ABUJA

To, mu dawo gida. Gwamnatin jihar Ikko ta kafa hukumar kula da wuraren ajiye motoci, wadda a ke kira LASPA. Cikin watan Agusta na 2022 wata wasiƙarta ta bazu a hannun jama'a. An aika wa wani kamfani ne a unguwar Lekki, aka ce ya biya naira 290,000 domin wurin tsai da mota uku a gaban gininsa: kowane wuri naira 80,000 a shekara, da naira 50,000 na cika takardu. A wannan shekara mafi ƙarancin albashin ma'aikaci naira 30,000 ne a wata. Ku yi lissafi da kanku, wurin mota ɗaya ya kusa cinye albashin wata uku.

Mutanen Ikko suka tashi da surutu, domin sun gane in an gama da shaguna, gidaje za a nufa. Babban lauya Femi Falana ya ce tsarin mulki ƙananan hukumomi ya ba wannan aiki, ba jiha ba. Gwamnati kuwa ta ce ɗan filin nan da ke tsakanin katanga da titi nata ne, wanda ya shigar da motarsa cikin gida ba abin da zai biya. Jama'a, ku dubi wannan amsa da kyau. Wa ke da gida mai faɗi da ƙofar ƙarfe wadda mota ke shiga? Mai hali. Wa ke barin abin hawansa a waje? Ɗan haya, da mai ɗaki ɗaya, da mai gidan da ƙofar zaurensa ko jaki da kaya sai an sauke masa kafin ya shiga. Ashe dai harajin zai tsallake mai motoci biyar ya faɗa kan mai ƙwaya ɗaya.

A Abuja kuwa tun 2012 aka fara karɓar kuɗin tsai da mota a titi, aka ba kamfanoni kwangila, su ka ɗaure ƙafar mota su ka ja ta. Cikin Afrilu na 2014 Mai Shari'a Peter Affen na babbar kotun Abuja ya ce a daina, domin babu dokar da ta kafa abin. Shekara biyu ana karɓar kuɗin mutane ba doka! Aka sake ɗaura wata yarjejeniya a 2023, sai ga shi cikin Agusta na 2024 ministan Abuja, Nyesom Wike, da bakinsa ya ce haram ne, ya ce kashi 80 cikin 100 'yan kwangila ke kwashewa, gwamnati ta tashi da 20. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

KANO TA NUNA HANYA

Kada wani ya ce Ikko da nisa. A 2000 Ikko ta kafa rundunar LASTMA mai kula da hanya. A 2012 Kano ta kafa KAROTA, Kaduna ta yi tata, maƙwabtanmu na Zamfara su ma suka yi ZAROTA. Haka abin ke tafiya, gari ya koya daga gari.

Cikin Janairu na 2013 aka hana acaɓa a Kano, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, samari da yawa suka koma tuƙin a-daidaita-sahu. A farkon 2021 aka sa musu naira 100 kowace rana, aka ce kuma ta intanet za a biya, suka ajiye aiki cikin Fabrairu. Naira 100 ba ta da nauyi a baki, amma in aka jera ta kwana 365 ta zama naira 36,500. Cikin Janairu na 2022 kuma aka ce kowa ya sabunta lasinsa a kan naira 8,000. Ran 10 ga wata suka sake ajiye aiki, Kano ta tsaya cik, mata da tsofaffi suka taka da ƙafa, har Jami'ar Bayero ta ɗage jarrabawa. Bayan 'yan kwanaki aka zauna, aka rage kuɗin zuwa naira 5,000. Zaman da aka yi a ƙarshe, da an yi shi tun farko da ba wanda ya wahala.

MU MA MUN ƊANƊANA

Mutanen gabashin Sakkwato ba sai an ba su labarin dokar abin hawa wadda ta sauya dare ɗaya ba. A farkon Satumba na 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan dokar tsaro. Aka rufe hanyar Isa zuwa Marnona, aka ce a zaga ta Sabon Birni da Goronyo. Aka hana mutum uku hawa babur ɗaya. Aka hana sayar da fetur a jarka, aka ƙayyade wanda za a zuba wa mota kada ya wuce na naira 5,000. Aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, har da na Isa da Sabon Birni. Cikin watan nan kuma aka yanke waya a ƙananan hukumomi 14.

Mun yarda domin a matsa wa 'yan bindiga aka yi, ba wanda ya fi mu son a matsa musu. Amma wa ya tambayi mai lambu a fadama yadda zai kai wa injin ban-ruwansa mai, in ba a jarka ba? Wa ya tuna mace mai naƙuda ba ta zama bayan babur ita kaɗai, sai da mai riƙe ta, direba da ita da mai riƙo kuwa uku ke nan? Wa ya tuna akuya ita ce bankin talaka, in ba a sayar da ita ba ba a auna hatsi? Duk da haka cikin Oktoba na shekarar aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo, cikin Disamba kuma aka ƙona matafiya fiye da 20 cikin mota a Gidan Bawa.

Abin da ya haɗa wannan da lasin ajiye mota shi ne, a ofis a ke rubuta doka cikin sa'a guda, amma a Turba a ke ɗaukar ta a ka. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, sai dai ba a cika tambayarsa ba.

Dalilin da ya sa mu ke faɗin haka yanzu kuwa shi ne, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tun daga nan ba zancen da ya fi yawa a bakin mahukunta sai na neman kuɗin shiga. A ƙasa irin tamu wadda ba masaƙa ba ma'aikata, ina mai neman kuɗin shiga zai fara dubawa? Kasuwa, da tasha, da bakin hanya.

WA ZAI SHA WUYA

A ce gobe an buga takarda, an ce duk abin hawan da zai kwana ko ya wuni a bakin hanya cikin gari sai da lasin, ko an ce an ƙara kuɗin wanda a ke biya, ko an ce daga yau motocin kaya ba za su tsaya a layi kaza ba sai a layi kaza. Bari mu bi gida gida mu ga wanda zai ji a jikinsa.

Na farko ɗan gudun hijira. Garuruwan Isa da Sabon Birni cike su ke da mutanen da aka koro daga ƙauyukansu. Lasin ɗan unguwa kuwa ba a ba da shi sai mutum ya nuna shaidar nan ya ke zaune. Wanda ya fito da rigar wuyansa da babur ɗinsa, ya raɓa a zauren ɗan'uwa, wace takarda zai nuna? Sai a ce shi baƙo ne, ya biya kuɗin baƙo, a garin da kakansa ya ci kasuwa.

Na biyu zumunci. Mun ga yadda a Barnet takardar baƙo ce aka ninka sau huɗu. Su can baƙo ɗaya ne ko biyu. Mu kuwa ran suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki, babura nawa ke tsayawa a ƙofar gida ɗaya? Fatake masu sauka wurin fatoma daren kasuwa fa, waɗanda su ka taso daga Shinkafi ko Maraɗi? Ran da gaisuwar mutuwa ta zama sai da tikiti, ran nan an taɓa abin da ya fi kuɗi.

Na uku maƙwabcin da ba a yi dokar dominsa ba. Ko'ina aka hana tsayawa a layi ɗaya, motoci ba sa ɓacewa, layi na gaba su ke komawa. In an kori manyan motoci daga bakin kasuwa ba a tanadar musu fili ba, sai su cika lungun talakawa, da hayaƙinsu da baƙin mansu, yara na wasa a ƙarƙashin taya. An share ƙofar wani an zuba sharar a ƙofar wani.

Na huɗu mai sayen mudu. Direba ba ya biyan kome daga aljihunsa. Abin da aka karɓa a hannunsa zai ɗora a kan buhun albasa da na wake da na gero, dillali ya ɗora wa mai awo, mai awo ya ɗora wa tsohuwar da ta zo da kwanonta. In an matsar da wurin sauke kaya nesa da rumfuna, kuɗin dako da na baro ya ƙaru, shi ma a mudu zai fito. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya riga ya karya bayan ɗan kasuwa, ba ya bukatar wani ƙari.

Na biyar, wanda ya fi duka nauyi, shi ne rai. A Landan wanda aka hana ajiye mota a ƙofarsa tafiyar ƙafa ce kaɗai ta ƙaru masa. A ƙasar Gobir babur shi ne motar asibiti, shi ne abin kai yara tudun mun tsira in an ji harbi da tsakar dare. Duk dokar da za ta ce mutum ya kai babur ɗinsa wani fili can ya kwana, ko ta ba wani iko ya kama shi ya kulle har sai an biya tara, to ta raba mutum da ƙafafunsa ne a daren da ya fi bukatarsu. Mutanen da 'yan bindiga suka riga suka ɗora wa harajin noma da na girbi, bai kamata hukumarsu ta zo ta biyo sawu ba.

BA MU ƘI TSARI BA

Kada mahukunta su ce mu masu son hargitsi ne. Mun fi kowa sanin ɓarnar da rashin tsari ke yi. Mun ga ran kasuwa yadda mota ɗaya ta kan gicciye ta toshe hanya, mai ɗauke da majinyaci ya rasa ta inda zai bi. Mun san in gobara ta tashi a rumfunan zana, mai kawo ruwa hanya ya ke bukata. Mun san akwai mai gidan da gingimari kan kwana uku a ƙofarsa, matansa su kasa fita. Wannan mutum yana da hakki, shi ne ma ainihin wanda aka ƙago lasin domin a kare. Rajistar babura kuma, in an yi ta da gaskiya ta hannun masu unguwa, za ta taimaka a bambanta na ɗan gari da wanda ba a san daga inda ya fito ba.

Tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwa da tasha da kula da su, da ba da lasin keke da amalanke da baro da jirgin ruwa. Ku lura, kafawa da kulawa aka fara ambata. Wanda bai share fili ba, bai yi rumfa ba, bai haƙa masai ba, bai sa mai gadi ba, da wane baki zai nemi kuɗin tasha? Dokar filaye ta 1978 kuma ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna domin amfanin jama'a. Mai riƙon amana ba ya sayar wa mai abu inuwar bangonsa.

Dattawanmu suna tune da zamanin En'e, sa'ad da ɗan doka kan tare mai keke ya duba lamba, in babu a wuce da keken. Suna tune da haraji da jangali, da yadda a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Abin da aka kora ta ƙofa kada a bari ya dawo ta taga da sabon suna.

ABIN DA MU KE NEMA

Ga abin da mu ke so kowane ɗan kasuwa da kowane mai abin hawa ya riƙe, ya kuma faɗa wa kansilan mazaɓarsa tun yanzu.

Na ɗaya, ba kuɗi sai da doka. A nuna dokar da majalisar ƙaramar hukuma ta zartas, a rubuta ta da Hausa, boko da ajami, a manna a kasuwa da tasha da ƙofar hakimi, a kuma yi shela. Abin da ya ka da na Abuja a 2014 ke nan.

Na biyu, ba sauyi sai da shawara. Kafin a ƙara kwabo ko a matsar da wurin tsayawa, a kira masu unguwa, da sarkin kasuwa, da shugabannin direbobi da 'yan kabu-kabu, da wakilan mata masu sana'a, da na 'yan gudun hijira. A ba da wa'adi na watanni, kada a zo da shi ran kasuwa da safe.

Na uku, ƙofar gida ta mai gida ce. Mazauni, ko mai gida ne ko ɗan haya ko wanda ya raɓa, ya ajiye abin hawansa a ƙofarsa kyauta muddin bai toshe hanya ba. Shaidar mai unguwa ta isa. Baƙin suna da biki da makoki ba ruwansu da tikiti.

Na huɗu, fili kafin tara. A fara tanadar wa manyan motoci wurin tsayawa kusa da kasuwa, mai tsaro, sa'an nan a hukunta wanda ya ƙi shiga.

Na biyar, kowane kwabo da rasit mai lamba da hatimi, a hannun ma'aikacin hukuma wanda aka san sunansa. Ba mu yarda da ɗan kwangila mai cin kamasho ba, domin wanda abincinsa ke fitowa daga tara ba zai so a daina laifi ba. Tun a 1998 aka yi dokar da ta hana kowa gicciya sanda a hanya domin karɓar haraji, har ta yanka wa mai yin haka tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3. Ku tambayi direbobi sanda nawa su ke ƙirgawa kafin su isa Sakkwato.

Na shida, a karanta lissafi. Kowane wata uku a manna abin da aka tara da abin da aka yi da shi. In kuɗin tasha ne, a tasha mu ke so mu gan shi.

Na bakwai, kada a kwana da babur ɗin kowa a kulle saboda kuɗin ajiya. A rubuta sunansa, a bi shi bashi, amma a bar masa ƙafafunsa.

'Yan'uwa, mutum ɗaya a Barnet bai isa ya ja da majalisa ba sai da maƙwabta suka tara masa, 'yan a-daidaita-sahu na Kano kuma ba a kula su ba sai da suka yi magana da baki ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da tasha da majalisar bayan la'asar. Ran da wani ya zo muku da littafin tikiti, kada ku yi faɗa, kada kuma ku yi saurin sa hannu a aljihu. Ku tambaye shi cikin ladabi: wace doka, wa ya zartas, da wa aka yi shawara, ina rasit, ina kuɗin za su? In yana da amsa, ku biya. In ba shi da ita, ku tafi wurin kansila ku goma, ku ashirin, ku maimaita masa tambayar.

Allah ya ba ƙasar Gobir lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.